Abin da Moeroa Ke Kaiwa Kogo

Tun ranar da Moeroa ta kifa wa Upokoina, matar yayanta, kwanon poke a ka aka cire ta daga cin Jibin Ubangiji. A gaban baƙi ta yi, mutanen tsibirin Rarotonga da suka kawo mana ziyara, ana tsakiyar cin abinci a zauren coci. Poken da ɗuminsa, ayaba da garin rogo da madarar kwakwa, ya bi farar hular Upokoina ya gangara har wuyanta. Abin da ya jawo shi ne Upokoina ta tambaye ta, tana murmushi, ko ɗanta da ke can ƙetare a birnin Auckland hanyar gida ya manta, ko kuwa bakin uwarsa yake gudu. Kowa ya ji. Amma a wurinmu ba a hukunta maganar da aka faɗa da murmushi. Kwano ake gani.

Aka mai da ita bencin baya. Lahadin farko ta kowane wata, sa'ad da muke zuwa da farare, ita takan zo da rigar kala, ta zauna tana kallon ƙananan kofunan ruwan kwakwa na Jibin suna wuce ta. Ba kofin kanta ne ya fi cin ta ba. Uwarta, Mama Tutai, makauniya ce, kuma shekara da shekaru Moeroa ce ke jan ta zuwa bencin gaba ta sa mata kofi a hannu. Yanzu Upokoina ce ke yi, tana ɗaga kofin sama fiye da yadda ake bukata don na baya su gani. Tsohuwar kuwa jiki ya yi nisa. Ba wanda ya sa rai za ta ga wata shekarar.

Papa Tangi, babban dikon cikin dattawan cocinmu, shi ya ɗora mini aikin sa mata ido.

"Ke kika koya mata karatu, Mama Rouru," in ji shi. "Kin san ta ciki da waje. Ranar taron 'yan ikilisiya za mu tambaye ki ko ta sake hali. In kin ce i, ta dawo. In kin ce a'a, sai baɗi."

Na san ta kuwa. Tun tana aji ɗaya fushinta ke riga tunaninta fita. Shi ya sa abin da ya biyo baya bai kwanta mini ba. Moeroa ta yi shiru. Ta riƙa zuwa sujadar asuba ba fashi, tana share harabar coci ba a sa ta ba. Ta haɗu da Upokoina a bakin kanti ta gaishe ta har da tambayar lafiyar yara. Aladen maƙwabci ya shiga mata gonar rogo, ta kama shi ta kai masa gida, ta ce ya duba igiyarsa. Matar da a da za a ji muryarta daga bakin teku.

Fasto ya ji daɗi har ya sa ta a wa'azi. Bai kira suna ba, amma ya ce a cikinmu akwai wadda Ubangiji ya ba sabuwar zuciya, mu koyi haƙuri a wurinta, kowa kuma ya waiwaya bencin baya. Ni ban waiwaya ba. Na daɗe ina jin ana yabon haƙuri, kuma na lura yawancin abin da ake kira da sunan nan ba shi ba ne. Wani tsoro ne, wani lalaci, wani kuma ajiya ce, mutum ya adana abin a ransa har ranar da zai same ka kai kaɗai. Ban taɓa ganin wanda ya kwanta da hali ya tashi da wani ba. In mai hayaniya ya yi shiru farat ɗaya, nakan tambayi kaina ina hayaniyar ta koma.

Ana saura 'yan makonni taron, Upokoina ta zo gidana da kifi biyu a leda, tana ɗingishi. Ba ta taɓa kawo mini ko ƙayar kifi ba, don haka na san da magana.

"Mama Rouru, ke da aka ba amana, kin san inda 'yar taki take zuwa bayan sujadar asuba?"

"Fadamar gwaza, kamar kowa."

"Mai zuwa fadama yana dawowa da ƙafa fes? Ki duba ƙafarta gobe. Ki kuma saurari muryarta."

Na riga na lura da muryar. Kowace safiya a dushe take, kamar ta wanda ya yi mura.

"To ina take zuwa?"

Ta matso, ta rage murya. "Kogwanni. Can sama cikin duwatsun makatea, inda kakanninmu suke ajiye gawa. Mijina ya hango ta tana shiga. Ya ce ya ji tana magana da ƙarfi, ga shi ita kaɗai ce." Ta ɗaga siket ta nuna mini idon sawunta a kumbure. "Wannan fa? Tun da ta fara gaishe ni ya fara."

"Wannan naman gwangwani ne da gishiri, Poko. Uwarki ma haka ƙafarta take."

"Ki yi ta wasa. Ni dai ranar taro zan faɗa. Mai kai ƙarar mutane wurin matattu ba za ta taɓa kofin Ubangiji ba."

Ta tafi ta bar mini kifin. Ban yarda ƙasusuwan da suka bushe tun kafin a haifi kakata suna kumbura wa kowa ƙafa ba. Amma abin da na yarda da shi daban, abin da Moeroa za ta iya yarda da shi daban. Mace mai fushi da aka rufe wa baki tana iya neman kowace ƙofa. In kuwa har hakan take yi, ba maganar baɗi ba ce. Ba za ta sake zama a bencin gaba ba.

Ran Jumma'a, da aka tashi daga sujada, na ɗauki sandata na bi ta daga nesa. Gari ya waye sarai. Ta bi hanyar fadama har inda ta rabu biyu, ta waiga sau ɗaya, sannan ta kauce ta hau dutsen. Wanda bai taɓa taka makatea ba ba zai gane ba: dutsen murjani ne mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba, ga saiwoyi, ga ramuka da ganye ya rufe. Gwiwoyina sun yi ta ƙorafi. Ta ɓace mini sau biyu, awaki suka nuna mini hanya da gudunsu.

Ban kai ga ganin kogon ba na ji muryar. Na laɓe bayan wani dutse.

"Upokoina," take cewa, kogon yana maimaitawa. "Mai baki kamar na kifin da ya wuni a rana. Algunguma. Kina ɗaga kofi sama sai ka ce ke kika ƙirƙiro kwakwa. Uwata ce, ba taki ba. Ko yadda ake riƙe mata hannu ba ki sani ba, kina jan ta kamar akuya."

Ta numfasa. Na kasa kunne in ji ko za ta kira sunan wani kaka, ko ta roƙi wani abu ya sami wani. Ba ta kira kowa ba.

"Papa Tangi, mai barci a wa'azi, ka farka ka ce amin kafin kowa. Papa Fasto, ka yi wa'azi da ni kamar wata kabewar da ka noma. Sabuwar zuciya? Ka buɗe ka gani?" Ta yi tari. "Mama Rouru. Tsohuwa mai idon ƙaguwa. Ko baya na juya ina jin idonki a wuyana. Tun ina ƙarama kike jira in faɗi ki ce da ma kin sani."

Na taɓa gefen idona ban sani ba.

Na ɗauka ta gama, ashe babban kason yana gaba.

"Ke kuma Moeroa," ta ce, muryar ta sauka. "Ke ce shugabarsu. Maƙaryaciya. Kina gaishe ta kina son ki shaƙe ta. Kina shara kina zagi a ciki. Mace da furfura, har yanzu ba ki iya riƙe bakinki sai kin hau dutse kamar mahaukaciya. Ɗanki ya gudu, gaskiya Poko ta faɗa. Uwarki za ta mutu hannun wata ne zai ba ta kofi, ke kika jawo. Ba ki canza ba. Ba za ki canza ba."

Wannan ya fi na mu duka tsawo in an haɗa. Ta yi ta yi har muryar ta ƙi fita. Sannan a hankali ta ce, "Ubangiji, ga na yau. Ka riƙe a nan, kada in koma gida da shi."

Na yi niyyar in sulale, amma sandata ta shiga rami, dutse ya gangara. Ta fito da sauri. Muka tsaya muna kallon juna, ni a durƙushe rabi, ita idanu jawur.

"Tun yaushe kike nan, Mama?"

"Tun kafin ƙaguwa."

Ta rufe fuska da hannu. Sannan ta zo ta kama ni ta zaunar a kan wani dutse mai ɗan laushi, ta ciro mini sandar. Na leƙa kogon. Ba ƙashi, ba komai, sai kashin awaki da wani tsohon ɓawon kwakwa.

"Me ya kawo ki nan, duk faɗin tsibirin?" na ce.

"Nan kaɗai murya ba ta kai gari. Na gwada bakin teku, masu kamun kifi suka ji." Ta zauna a ƙasa. "To kin ji da kunnenki. Ki ce musu a'a. Ya fi mini sauƙi ma. Na gaji da jiran abin da ba ya zuwa."

"Mene ne ba ya zuwa?"

"Zuciyar da Fasto ya ce an ba ni. Ina addu'a, ina azumi. Kowace safiya in tashi in duba, tsohuwar ce dai."

"Kwano nawa kika kifa tun ranar nan?"

"Ko ɗaya. Amma a ciki kullum ina kifawa."

"Da kika fara zuwa nan, kina daɗewa kamar yau?"

Ta yi ɗan tunani. "Da sai rana ta take nake sauka. Sunayen sun fi haka yawa. Mijina yana ciki, da maƙwabta, da matar kanti."

"Yanzu fa?"

"Sun fita. Ban san yaushe ba."

"Naki kason kuma?"

Ta kau da kai ta dubi kogon.

"In kin dasa gwaza," na ce, "kina tone shi kowace safiya ki ga ko ya yi ɗa?"

"Wa'azi kuma, Mama? Na Fasto bai ishe ni ba?"

"Ya isa. Taimake ni in sauka."

Ta riƙe ni har ƙasa, tana gaya mini inda zan sa ƙafa, yadda ta saba yi wa uwarta.

Zan so in ce daga nan hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba. Na yi ta juya abin. Ta waiga a mararrabar hanya. Ko ta hango ni? Moeroa ba wawuya ba ce. In ta san ina biye da ita, me zai fi mata amfani da ta zagi kanta ta rufe da addu'a? Sai in ce wa kaina, wadda take neman shaidata ba za ta ce mini mai idon ƙaguwa ba. Sai kuma in ce, mai wayo sosai abin da za ta yi ke nan, don in yarda. Ga maganar Poko: ban ga ƙashi a kogon ba, amma kogon yana da zurfi, ni kuwa bakinsa kawai na gani. Ba abin da zan iya dafawa in ce ga tabbas. Abin da nake da shi, muryar da ta dushe tun kafin in san da wani kogo, da aladen da ya koma gida da kunnuwansa biyu.

Ranar taron aka cika coci bayan sujadar yamma. Moeroa tana waje a gindin bishiya, haka ake yi har a kira mutum. Mama Tutai tana gaba, an jingina ta da matashi. Papa Tangi ya tashi.

"Mama Rouru, ke muka ba amana. 'Yarmu Moeroa ta sake hali?"

Kafin in buɗe baki Upokoina ta miƙe ta zazzage nata: kogo, matattu, magana da ƙarfi, ƙafa. Coci ya ɗauki gunaguni. Fasto ya dube ni, fuskarsa ta canza. Mutumin da ya riga ya yi wa'azi da kai ba ya son ka ba shi kunya.

"Tana zuwa kogo," na ce. "Na bi ta, na ji. Ba matattu take kira ba. Mu take kira, masu rai. Takan zage mu tas, ta yi addu'a, ta sauko ta gaishe mu."

"Wa take zagi?" in ji Papa Tangi.

"Ni dai na ji nawa. Ta ce idona irin na ƙaguwa ne."

Wani ya yi dariya a baya ya mai da ita tari.

"Ni fa?" in ji Upokoina. "Me ta ce a kaina?"

"Kina so in maimaita a nan, Poko, gaban Papa Fasto?"

Ta zauna.

Papa Tangi ya gyara murya. Ya ce to, ai ga shi an ji, aikin bai kammala ba. Ya ce ba ƙin ta ake yi ba, amma abin Ubangiji ba a yi masa gaggawa. A ƙara haƙuri. A bar ta zuwa baɗi, zuciyar ta gama wankuwa. Kawuna suka fara gyaɗawa, don maganar ta yi daɗin ji.

"Haƙurin wa, Papa?" na ce. "Mu za mu zauna a gaba da fararenmu, ba abin da zai ci mu. Ita ce za ta jira, da tsohuwar nan. Wannan ba haƙurinmu ba ne, nasu ne muke bayarwa kyauta. Kun tambaye ni ko ta sake hali. Ban sani ba ko an ba ta sabuwar zuciya, ban shiga ciki ba. Abin da na sani, kowace safiya tana ɗaukar fushinta ta hau dutse da shi, don kada ta sauke a kan ɗayanmu. Da ba ta yin haka. Ba ta gama ba, ita da kanta ta ce in ce muku a'a. Ni kuwa i nake cewa. In sai wanda ya gama ne zai sha kofin nan, a bar kwakwar a bishiya."

Sai Mama Tutai ta yi magana, ba ta juyo ba, muryarta siririya.

"Poko tana zubar mini da rabin kofin a riga."

Fasto ya ce a kira Moeroa. Ta shigo ta tsaya a tsakiya, hannu a baya. Ya tambaye ta ko tana da abin cewa ga 'yar'uwarta. Ta juya ta ce, "Yaya Poko, na ɓata miki hula, na kunyata ki gaban baƙi. Ki yafe mini."

"Na yafe," in ji Upokoina da murmushin nan nata. "Ai mun saba. Allah dai ya sa ɗanmu ya ji labari ya samu ƙarfin dawowa."

Ina kusa, na ga jijiyar wuyan Moeroa ta tashi. Na ga yatsunta a baya sun damƙe juna har suka yi fari. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Amin," ta ce. Sannan ta dubi Fasto. "Papa, in an gama da ni, gobe ina da sammako."

Aka ɗaga hannu. Papa Tangi ya ɗaga nasa a ƙarshe, rabi-rabi, kamar mai korar ƙuda.

Lahadin farko ta sabon wata, Moeroa ta zo da farar riga da ta ɗan matse ta. Ta kawo uwarta bencin gaba, ta lanƙwasa mata yatsu a jikin kofin, ta tallafi ƙasansa har tsohuwar ta shanye. Ko ɗigo bai zuba ba. Mama Tutai ta sake sha a hannunta a watan da ya biyo, da wanda ya bi shi, kafin mu kai ta makwanci.

Bayan makoki na sake hawa dutsen wata safiya, ban gaya wa kowa ba. An sauke mini aikin sa ido, amma ina so in ji ko abin da na tsaya a kai a gaban jama'a yana nan. Wannan karon na riga ta zuwa, na ɓuya inda ba yadda za a yi ta hango ni. Ta zo. Fasto ya fita daga jerin, Papa Tangi ma. Upokoina tana nan daram. Kason da take yi wa kanta ya ragu, ba sosai ba, amma ya ragu. Ina shirin in ji daɗi sai na ji ta ja numfashi.

"Mama Rouru," ta ce wa kogon. "Mai idon ƙaguwa. Kin sa yanzu duk wanda ya gan ni da safe sai ya tambaye ni ko sunansa yana ciki."

Na jira ta gama addu'arta ta sauka, sannan na lallaɓa na bi bayanta, ina duba inda ta sa ƙafa.